Takin Malam Isyaku da Kamfanin Amurka

A Zangon Marke, wani ɗan ƙauye da ke gefen Makoda, akwai gidan Malam Isyaku. Mutum shida ne suke ci daga tukunyar gidan: shi Malam Isyaku da matarsa Inno, da autansu Badaru, da surukarsu Furera wadda mijinta ya tafi Kudu neman abinci, sai 'ya'yan Furera biyu, Safiyatu mai shekara goma sha ɗaya da ƙanwarta da ke goye.

Gonarsu guda ɗaya ce, mai itatuwan gawo uku. A wannan yanki gona ba ta hutawa, domin duk inda ka duba, in ba gida ba ne to gonar wani ce, kuma ƙasar ta gaji tun zamanin kakanni. Taki ne kawai ke riƙe da ita. Duk shekara Malam Isyaku yana tara kashin awaki da toka da sharar gida a bayan turke, in bazara ta shigo sai ya riƙa loda wa jakinsa a mangala yana kaiwa gona, yana zubawa tsibi-tsibi kafin ruwan farko ya sauka.

A shekarar da kuɗin fetur ya tashi, komai ya bi shi. Takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Badaru ya gama kwalejin horon malamai amma babu aiki. Furera ta iya ɗinkin hula, hannunta kuwa sai wanda ya gani, amma mutumin da bai san inda zai samo awon gobe ba ba ya tambayar sabuwar hula. Huluna suka taru a cikin akwatinta. Wani abin da gidan ya rasa kuma shi ne sabis ɗin waya. Duk ƙauyen babu inda yake kamawa sosai sai a kan tudun gonar Malam Isyaku, ƙarƙashin babban gawon nan.

Badaru ne ya fara ɗaukar hoton hulunan yana sawa a intanet. Wasu Hausawa mazauna Amurka suka gani suka yaba, har wani mai shago a can ya ce yana so a riƙa aiko masa. Sai dai ya ce shi ba ya hulɗa da mutum, sai da kamfanin da ke da rajista a ƙasarsu. Badaru ya yi ta bincike har ya gano cewa baƙo ma yana iya yi wa kamfani rajista a can, ko da bai taɓa taka ƙasar ba.

Ran da ya yi wa mutanen gida bayani, Safiyatu tana tsakar gida tana tsince wake, kunnenta kuwa yana wajensu.

Inno ta ce, "Wato tafiya za ka yi?"

"A'a, Inno, ina nan. Kamfanin ne zai zauna a can."

"To wa zai kai shi?"

"Ba kai shi ake yi ba. A can za a buɗe shi."

"Kai kana nan, hula tana nan, mai ɗinki tana nan. To me za a buɗe a can?"

Badaru ya sosa kai. "Suna ne da takarda, Inno."

Malam Isyaku yana gefe yana gyaran igiyar mangala. Da aka matsa masa sai ya ce, in dai ba haram ba ne kuma ba a taɓa masa rumbu ba, Allah ya sa albarka. Safiyatu ta yi ƙoƙarin hango kamfanin a ranta. Da farko ta ga wani dogon gini mai hayaƙi irin na Kano, sannan ta tuna an ce suna ne da takarda, sai ginin ya ɓace, ta rasa abin da za ta sa a madadinsa.

Wata safiya Badaru ya kira ta. "Safiya, zo ki riƙe min waya. Hannunki ya fi na Inno tsayawa."

Suka tafi gindin gawo. Masu cike masa takardun rajistar a can Amurka sun ce ya aiko da hotonsa riƙe da fasfo, wanda ya yi tun yana fatan samun gurbin karatu a waje, sannan ya faɗi adireshin gidansu. To Zangon Marke ba titi, ba lamba. Badaru ya rubuta sunan gari da na ƙaramar hukuma, don kada a ce bai cika ba kuma sai ya buɗe taswirar waya, ya ɗauki hoton wurin da yake tsaye ya haɗa musu da shi.

Safiyatu ta leƙa, sai ta buɗe baki. Gonarsu ce kamar yadda shirwa take ganin ta. Ga gawo uku, ga 'yar hanyar da ta bi gefen rijiya, ga layin gamba da ya raba su da gonar maƙwabcinsu Ɗanliti.

Daidai lokacin Malam Isyaku ya iso da jaki, mangala cike da taki. Kwana uku ke nan da fara kaiwa.

"Kaka! Kaka, zo ka ga gonarka daga sama! Kai da kake cewa ka fi kowa sanin ta!"

"Uwar surutu, me kuma kika gano?" Ya matso yana murmushi, ya kare ido da hannu. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa a kan layin gamba, ya bi shi a hankali har ya zagayo inda ya faro. Murmushin ya tafi.

"Badaru, wa ya ga wannan?"

"Na tura musu ne, Baba. Sun ce in nuna inda nake."

"Su mutanen Amurkan?"

"E."

"Ka nuna musu iyaka."

"Ba iyaka na nuna ba, Baba, wurin da nake tsaye ne kawai."

Malam Isyaku ya janye yatsansa. Ya kama igiyar jakin, ya juya shi, suka nufi gida da takin a bayansa. Tunda aka haifi Safiyatu ba ta taɓa ganin taki ya je gona ya dawo ba.

A Zangon Marke ba a nuna wa bare iyakar gona haka kawai. Abu uku ne ke sa a zagaya da mutum a nuna masa inda gamba ta fara da inda ta ƙare: rabon gado, ko sayarwa, ko jingina. Malam Isyaku yana da rai, saboda haka ba gado ba ne. Ya san Badaru ba zai sayar ba. Saura ɗaya ke nan. Kuma kowa ya san wanda ya jinginar da gona ba ya kai mata taki, domin wani ne zai ci amfaninsa.

Washegari jaki ya wuni a ɗaure. Rana ta biyu ma haka. Malam Isyaku ya shimfiɗa buzu a zaure, daga masallaci sai nan. Maƙwabta suna ta wucewa da jakuna, zafi yana ƙaruwa, da yamma kuma gabas takan yi duhu kaɗan sannan ta washe. Safiyatu ta san lissafin ba sai an faɗa mata ba. In ruwa ya sauka babu taki a ƙasa, gero zai tsaya iya gwiwa, rumbu kuma ba zai kai su tsakiyar rani ba. Abin da ya fi damun ta shi ne, ita ce ta ce ya zo ya gani.

Badaru ya so ya ɗauki jakin da kansa, uban ya ce, "Ajiye min. Ba zan yi wa wani bauta ba ina ji ina gani."

A rana ta huɗu takardar rajista ta fito. Badaru ya je Makoda aka buga masa ita, ya dawo da murna, ya durƙusa a zaure ya miƙa wa uban. Safiyatu ta kawo ruwa, ta ƙi tafiya.

"Ka gani, Baba, sunan kamfani ne kawai da nawa. Sai adireshin wakilinmu a can, wanda ya cike min takardun."

"Wane wakili?"

"Doka ce a can, dole kamfani ya zama yana da wani mazaunin ƙasar da zai riƙa karɓar masa wasiƙu. A adireshinsa kamfanin yake."

Fuskar Malam Isyaku ta ɗan saki. A ƙuruciyarsa ya yi fataucin dabbobi zuwa Kudu. "Mai masauki ke nan."

"Yauwa, Baba! Kamar mai masauki."

"To ai ka gama magana. Ni na sauka a gidan masu masauki ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mai masauki shi ke tsaya wa baƙo in ciniki ya lalace. Kuma ba ya tsaya maka sai ya san abin da ka baro a gida. Wannan bai san ubanka ba, bai san garinku ba. Me ya gani ya yarda da kai? Gona ya gani."

Badaru ya share gumi. "Baba, irin wannan kamfanin, amfaninsa ke nan. A wurin hukuma shi daban ne, ni daban. In ciniki ya lalace, asarar a kansa take tsayawa. Ba ta zuwa gida, balle gona."

"Shi daban, kai daban."

"E."

"Wa ya haife shi?"

"Ni na buɗe shi."

"Safiya, akuyar nan da Inno ta ba ki, ta wa ce?"

"Tawa ce, Kaka."

"Bara da ta shiga waken Ɗanliti, wurin wa aka zo?"

Safiyatu ta sunkuyar da kai. "Wurinka."

"To ka ji. Ita daban, ni daban, amma ƙofata aka buga."

Safiyatu ta koma cikin gida kanta ya ƙara ɗaurewa. Da Baffa Badaru yake magana sai ta ga shi ne da gaskiya, da Kaka ya amsa kuma sai ta ga ai shi ne da ita. Ta sami Inno tana murza ƙuliƙuli, ta kwashe duka ta faɗa mata. Inno ta goge hannu, ta ja mayafi, ta tsaya daga bakin zaure.

"Malam, shekara nawa ina tuyar ƙuli a gidan nan?"

"Me ya kawo ƙuli kuma?"

"Shekarar da na karɓi gyaɗar Mairo bashi ta ruɓe min gaba ɗaya, an zo an kwance maka jaki?"

"Wannan ai sana'arki ce, ba ruwana."

"To shi ma yaron abin da yake faɗa maka ke nan."

Safiyatu har ta fara murna. Can sai Malam Isyaku ya ce, "Ke da kika karɓi gyaɗar, kin zagaya da Mairo gonata kin nuna mata gamba?"

Inno ta gyara mayafi. Ta juya tana cewa, "Kai dai ka sani. In ruwa ya sauka sai mu dafa takardar mu ci."

Furera ba ta sa baki ba, don ba ta iya tsayawa gaban surukinta. Amma Safiyatu ta ga ta ajiye allura, ta mayar da hular da take ɗinkawa cikin akwati ta rufe. Ta ce da 'yarta a hankali, "Da na sani da na bar su a nan asu ya cinye."

Kwana bakwai jaki yana ɗaure. Ranar Safiyatu ta kai wa kakanta fura a zaure, ta zauna a bakin buzu.

"Kaka, in mutum ya karɓi jinginar gona, yana ɓoyewa?"

"Ina zai ɓoye? Ai shi ne ma zai fi kowa faɗa, don kada wani ya riga shi."

"To me ya sa ba za a tambaye shi ba?"

"Wa?"

"Mai masaukin."

Ya dube ta. "Ana iya yi masa magana?"

Aka kira Badaru, ya ce ana iya rubuta masa. Malam Isyaku ya ce to, amma da sharaɗi biyu: shi zai faɗi abin da za a rubuta, kuma in amsa ta zo Safiyatu ce za ta karanta. "Kai karatunka ya yi yawa, kana iya lanƙwasa magana. Ita wannan ba ta kai nan ba tukuna."

Su uku suka tafi gindin gawo. Malam Isyaku ya gyara tsayuwa kamar mutumin yana gabansa.

"Rubuta. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali, da sauran baƙinka."

"Baba, ba a yin haka a irin wannan wasiƙar."

"Mutum ya sauke maka baƙo ba za ka gaishe shi ba? Rubuta. Ni ne Isyaku, uban Badaru. Gonar da aka nuna maka, mai gawo uku, tawa ce, na gaje ta wurin ubana. Ka faɗa min tsakaninka da Allah, tana cikin maganarku ko ba ta ciki? Ina jira, ruwa ya kusa."

Badaru ya juya ta zuwa Turanci ya tura. Suka tsaya suna kallon wayar. Ba abin da ya zo. Badaru ya ce yanzu a can gari bai waye ba. Malam Isyaku ya ɗaga kai ya dubi ranar da ta take tsaka, ya dubi ɗansa, ya girgiza kai.

Amsa ba ta zo ba sai bayan kwana biyu, da hantsi. Malam Isyaku ya ce a dakata. Ya aika aka kira Ɗanliti da mai unguwa, domin maganar gona ba a yin ta babu shaidu. Aka tsaya a inuwar gawo, aka miƙa wa Safiyatu waya. Turancin aji shida gare ta, ta bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta karanta sau biyu a zuci kafin ta buɗe baki.

"Ya ce sun gode da saƙo. Ya ce... ba su san wace gona ake nufi ba."

"Sake dubawa."

"Haka ya ce, Kaka. Ya ce aikinsu karɓar wasiƙun kamfani ne kawai. Ba su riƙe da komai namu. Ya ce in akwai wata tambaya a sake rubutowa."

"Bai amsa gaisuwar ba?"

"Ya ce a wuni lafiya."

Ɗanliti ya kwashe da dariya. "Malam, kwana tara kana zaman makokin gonar da mai karɓar bai ma san da ita ba!"

"Kai yi min shiru, wakenka ma akuya ta raina shi." Ya juya ga Badaru. "To hoton fa?"

"Wataƙila ko buɗewa ba su yi ba, Baba. Kamfanoni dubbai ne a adireshin nan nasa."

"Dubbai? A gida ɗaya?"

"A ofis ɗaya."

"Suna kwana a ina?"

"Ba sa kwana, Baba."

Malam Isyaku ya cire hula ya shafa kai ya mayar. "Mai masaukin da bai san baƙonsa ba, bai tambayi abin da ya baro a gida ba, baƙon kuma ba ya ci, ba ya kwana. Mai unguwa, ka taɓa jin irin wannan?"

Mai unguwa ya ce, "Ni dai abin da na ji, kuma zan shaida ko a gaban alƙali, mutumin ya ce ba ya riƙe da komai naka."

Malam Isyaku ya dubi gonar daga wannan gamba zuwa waccan. Da ya sake magana, muryarsa kamar ta wanda aka ɓata wa rai. "Gona kamar wannan, a nuna wa mutum ya ce bai san ta ba." Sannan ya daka wa Badaru tsawa. "Tsayuwar me kake yi? Je ka kwanto jakin!"

Ranar kowa ya ɗauki taki. Jaki yana kai mangala, Badaru da buhu a ka, Safiyatu da tsohon kwano, Inno da Furera suna cika musu daga bayan turke. Ɗanliti ma ya ara musu jakinsa, yana tsokana yana lodi. Kwana biyu suka yi a haka, a na uku da la'asar hadari ya taso, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Sun rufe gonar sai kusurwar yamma, wadda taki bai kai gare ta ba.

A damanar nan geron ya yi kyau, ban da na wannan kusurwa, wanda ya tsaya iya ƙugu da 'yan ƙananan zangarniya. Duk wanda ya bi hanyar rijiya sai ya tambaya, Malam Isyaku kuma ya ce, "Nan ne rabon Amurka." Furera ta buɗe akwati ta ci gaba da ɗinki. Ƙunshin huluna na farko ya tafi bayan Sallah, ya daɗe a hanya, amma ya isa.

Har yau in ka tambayi Safiyatu mene ne kamfani, za ta ce suna ne da takarda da ke zaune a gidan wani mutum da bai san su ba, kuma ba ta gane yadda hakan yake yiwuwa ba. Abin da ta gane shi ne, kamfanin yana can kuma ba ya jin yunwa, su kuwa suna nan, kuma gona ba ta jira mutane su gama fahimtar juna kafin a kai mata taki.